Bagaruwa da ƙwayoyin cuta: inda take magani da inda ba ta isa ba

Duk wanda ya taɓa bi ta majemar Damagaram ya ga ramukan da ake jiƙa fatu. Ya ga turame, ya ga ana dakan busassun ɗiyan bagaruwa. Ɗanyar fatar akuya, in aka bar ta cikin damshi, ba ta kwana ukku sai ta fara ɗoyi. Amma fatar da aka cire wa gashi, ta sha ruwan bagaruwa, tana shekara da shekaru ba ta ruɓa ba. Da ita baduku ke ɗinka takalmi da jaka da kube.

A gidajenmu kuma, wannan bagaruwar ita ce ake jiƙawa a kurkure baki in dasashi na jini. Ita ake dakawa a barbaɗa ga miki. Ita ake ba mai zawo ya sha. To, mi ke cikinta? Gaskiya ne tana kashe cuta? In tana kashewa, wace iri, kuma a ina? Masu binciken kimiyya sun daɗe suna bin waɗannan tambayoyi. Yau za mu kawo muku abin da suka gano, domin mu san inda za mu dogara da bagaruwa, mu kuma san inda dogara da ita ke iya jawo hasarar rai.

Abokan gāba da ido ba ya gani

Abin da ke ruɓar da fata shi ne ke sa miki ya yi mugunya. Wasu halittu ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ake kira ƙwayoyin cuta. Ido ba ya ganin su, sai da madubin likita. In aka jera dubu ɗaya daga cikinsu, da ƙyar su kai tsawon milimita 1, wato ƙaramin zane guda na ruler ɗin ƴan makaranta.

Suna da iri-iri. Akwai bakteriya, masu kawo maruru da gyambo da atuni da kwalara. Akwai birus, waɗanda suka fi bakteriya ƙanƙanta, masu kawo mura da ƙyanda. Akwai dangin funfuna, masu kawo makero. Maganin da ke kashe wani iri ba lalle ya taɓa wani ba.

Ƙarfin bakteriya yana ga saurin haihuwarsu. In suka samu ɗumi da damshi da abinci, wasu na rabuwa biyu duk bayan minti 20. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Cikin awa 7, ƙwaya guda ta haura miliyan 2. Shi ya sa ƙaramin rauni da aka yi wa sakaci da safe ke iya kumbura kafin gari ya waye.

Sinadarin da ke cikin bagaruwa

Wanda ya taɓa tauna ɗan bagaruwa ya san yadda baki ke tsukewa, harshe ya yi kaushi. Wannan shi ne bauri. Abin da ke kawo shi wani sinadari ne da masana ke kira tanin. Akwai shi cikin goro da ganyen shayi da ɗanyar kanya, amma na bagaruwa ya fi yawa nesa ba kusa ba. In aka cire ƙwallayen, aka auna ɓawon busassun ɗiyan, sau da yawa tanin kan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsu, wani lokaci ma ya fi.

Halin tanin shi ne kama furotin, wato sinadarin da aka gina nama da fata da shi. Da zarar sun haɗu, sai tanin ya ɗaure shi, ya ƙanƙame shi. A ramin majemi, tanin na shiga cikin fata ya ɗaure zarenta, har ƙwayoyin ruɓa su kasa cin ta. A bakin mutum, yana ƙanƙame saman dasashi, jini ya ragu. Su ma bakteriya da furotin aka gina bangon jikinsu da abubuwan da suke narka abinci da su. In tanin ya kama waɗannan, sai su kasa ci, su kasa haihuwa.

Tanin na da wani hali na biyu: yana kama ƙarfe. Kowa na iya gwada wannan a gida. A jiƙa dakakkiyar bagaruwa cikin ƙwarya, a tace, a jefa ƙusa mai tsatsa a ciki. Bayan ɗan lokaci ruwan zai koma baƙi. Haka ne ke sa jemammiyar fata ta yi baƙi in baduku ya shafa mata ruwan ƙarfe. Masu bincike ma da irin wannan dabara suke gane ko icce na da tanin: su ɗiga ruwan gishirin ƙarfe cikin jiƙon, su duba ko launi ya canza. Bakteriya na bukatar ɗan ƙarfe domin su rayu. In tanin ya riƙe shi, ya hana su wani abinci ke nan.

Yadda ake gwada icce a ɗakin bincike

A jami'o'i da dama na Afirka, har da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ana gwada itatuwan magani. Aikin na farawa ne daga bakin masu maganin gargajiya. Tun a shekarar 1980, wani ayarin masana a ƙarƙashin Edouard Adjanohoun, mutumin ƙasar Benin, ya wallafa littafi a kan tsirran da mutanen Nijar ke magani da su. Daga irin wannan rubutu ake zaɓen iccen da za a gwada.

Ga yadda gwajin yake. Ana shanya ganye ko sassaƙe ko ɗiyan iccen a inuwa, a niƙa su. Sai a jiƙa garin cikin ruwa, ko cikin alkol mai tsabta, domin a janyo sinadaran. A tace, a ƙafar da ruwan, a samu ɗan ƙullu mai kauri.

Daga nan sai a ɗauko wani ƙaramin faranti na gilashi mai murfi. A cikinsa akwai abincin bakteriya, mai daskarewa kamar kamu. A shafa bakteriyar da ake so a gwada a kansa. A ɗauki ƴar takarda mai kewaye, ƙarama kamar ƙwayar wake, a jiƙa ta da ƙullun iccen, a aza a tsakiya. A rufe, a sa cikin akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, wato digiri 37, ya kwana.

Da safe bakteriya sun rufe farantin kamar yana. In iccen na da ƙarfi, za a ga fili fes kewaye da takardar, inda suka kasa tsira. Sai a auna faɗin filin da milimita. A gefe kuma ana aza wata takarda mai maganin likita, domin a gwada su biyun.

An yi wa bagaruwa wannan gwaji sau da yawa, a Sudan da Najeriya da Indiya da wasu ƙasashe, kuma tana ba da fili. Tana hana tsirar bakteriyar da ke kawo maruru da mugunya, wadda masana ke kira Istafilokok. Tana kuma taɓa wasu daga cikin masu kawo ciwon ciki, ko da yake waɗannan sun fi taurin kai, saboda bangon jikinsu riɓi biyu ne. Ashe kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka lura cewa akwai wani abu cikin wannan icce.

Sabara da marke da tafarnuwa

Ba bagaruwa kaɗai ba ce. Ganyen sabara, wanda ake dafawa domin tari da ciwon ciki, shi ma yana da tanin. Yana kuma da wasu sinadarai masu ɗaci na dangin da ake kira alkaloyid. Sassaƙen marke da saiwarsa, da wasu ke asuwaki da ita, cike suke da tanin. Dukansu biyu sun nuna ƙarfi a kan wasu bakteriya cikin faranti.

Tafarnuwa tata hanyar daban ce. Sinadarinta mai kashe bakteriya ana kiran shi alisin. Wani masani mai suna Cavallito da abokin aikinsa ne suka ware shi a Amurka a 1944. Abin mamaki, babu alisin cikin tafarnuwar da ba a taɓa ba. Sai an daka ta ko an tauna, abubuwa biyu da ke cikinta su gauraya, sannan ya samu, tare da wannan wari da muka sani. Dahuwa kuma na lalata shi. Wannan ya nuna mana cewa yadda aka haɗa magani na iya ƙara masa ƙarfi ko ya kashe shi. A kula: dakakkiyar ɗanyar tafarnuwa na ƙona fata in aka ɗaure ta a kai, balle fatar yaro.

Faranti daban, jikin mutum daban

A nan ne ya kamata mu buɗe kunne. Icce ya kashe bakteriya cikin faranti, wannan mataki na farko ne kawai. Akwai dalilai huɗu.

Na farko, a faranti maganin na haɗuwa da bakteriya gaba da gaba. A jikin mutum kuwa, sai ya bi ciki, ya shiga jini, ya isa inda cutar take. Tanin ba ya zaɓe. Yana kama furotin ɗin tuwo da nono da bangon hanji kafin ya kai ko'ina. Kaɗan ne ke ratsawa cikin jini. Saboda haka ruwan bagaruwa ba zai iske cutar da ke cikin huhu ko cikin jini ko ta sanƙarau ba.

Na biyu, awo. Sau da yawa, sai an zuba ƙullun icce riɓi ɗari ko fiye kafin ya yi aikin da ɗan maganin likita ke yi cikin faranti guda. Kuma ƙarfin icce ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bagaruwar fadama da ta tudu, ɗanya da busassa, ta bana da ta bara, kowace da yawan taninta. Mai jiƙawa a gida ba ya da ma'aunin sanin wannan.

Na ukku, abin da ke cutar da bakteriya na iya cutar da mutum. A 1925, wani likita a Amurka ya fara shafa wa waɗanda suka ƙone tanin da aka tace daga wasu itatuwa. Ƙunar takan yi ɓawo, ta bushe, aka yi ta murna. Bayan 1940 sai aka lura cewa wasu masu babbar ƙuna suna mutuwa da lalacewar hanta, aka bar wannan hanya. Haka kuma, tun da tanin na kama ƙarfe, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, wanda da shi ake gina jini. Mace mai ciki da yaro mai ƙarancin jini, yawan shan jiƙo mai bauri na ƙara musu rauni.

Na huɗu, ba kowace cuta ce ta bakteriya ba. Zawon ƙananan yara, da yawansa birus ne ke kawo shi, musamman wanda ake kira rota. Shi ya sa aka shigar da rigakafinsa cikin na jarirai a Nijar a 2014.

Abin da muka gani da idonmu

Wata shekara da damina, aiki ya kai mu wani ƙauye a arewacin Tasawa. Muka sauka gidan da muka saba sauka, muka iske wata tsohuwa riƙe da jikanta, yaro ɗan wata goma. Idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta loɓa, ba ya ko iya kuka. Muka ce mata: "Inna, kwana nawa yana zawo?" Ta ce: "Malam, yau kwana ukku. Amma ya yi sauƙi, tun jiya da na ba shi bagaruwa zawon ya ragu."

Gaskiya ta faɗa, zawon ya ragu, domin bauri na ƙanƙame hanji. Abin da ba ta sani ba shi ne, ruwan da ya riga ya fita daga jikin yaron bai dawo ba. Muka ɗan matsa fatar cikinsa, muka saki, ta tsaya a tattare. Nan take aka ɗaura amalanke aka nufi likita. Uwar na ba shi nono da ruwan gishiri da sukari a hanya. An yi masa ƙarin ruwa, ya tashi. Ma'aikacin lafiyar ya ce da an ƙara kwana, da wuya a same shi.

Wannan tsohuwa ba muguwa ba ce, kuma maganinta ba ƙarya ba ne. Ya yi aikin da yake iyawa. Amma abin da ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma bagaruwa ba ta maido da ruwa.

Daga icce zuwa ƙwayar magani

Kada wani ya ce likitoci sun raina itatuwa. Manyan magungunan masassarar cizon sauro daga tsirrai suka fito. A 1820, wasu masu haɗa magani biyu a Faransa suka ware kinin daga sassaƙen wani icce na Amurka ta Kudu. A 1972, a ƙasar Sin, wata masaniya mai suna Tu Youyou da ayarinta suka ware sinadarin atemisinin daga wani ganye da likitocin gargajiyar ƙasarsu suka daɗe da sani. Daga shi aka samo magunguna irin su Coartem. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015.

Amma a duba wahalar da aka sha. Sun tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2000, sun gwada jiƙo ɗaruruwa, kafin su dace da guda. Bayan haka sai da aka gwada shi ga dabbobi, sannan ga mutane, aka san awon da ke warkarwa da awon da ke cutarwa. Bagaruwa da sabara da marke ba su kai ƙarshen wannan hanya ba tukuna.

Duniya kuwa na bukatar sababbin magunguna, domin bakteriya na ƙara jure wa waɗanda ake da su. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka ƙi jin magani, kuma yammacin Afirka ne abin ya fi tsanani. Muna da hannu a ciki. Duk wanda ya sayi kafso biyu wurin mai talla, ya sha, ya bari, ya kashe raunanan bakteriya ne ya bar masu taurin kai su yaɗu.

Abin da ya kamata mu riƙe

Ƙaramin rauni, a fara wanke shi da ruwa mai tsabta da sabuni, a rufe da tsumma wankakke. Garin da ya kwana a buɗe, ƙura da ƙudaje sun hau shi, na iya kai cuta cikin mikin.

Ɗan ciwon baki ko dasashi, babba na iya kurkurewa da ruwan bagaruwar da aka tafasa aka tace, ya zubar. In bai yi sauƙi cikin ƴan kwanaki ba, a je likita.

Kada a barbaɗa komi ga cibiyar jariri, ko babbar ƙuna, ko rauni mai zurfi, ko ido. Ta irin wannan hanya ce cutar da ke sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi ke shiga.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Kada a ba shi jiƙon da ake ba jarirai, wanda wasu ke kira bauri, wasu ɗauri.

Yaro mai zawo, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshin likita. In babu ƙunshin, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe, da rabin cokali na gishiri, cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. A karɓo ƙwayar zinki a likita, a ba shi kwana 10 zuwa 14.

A tafi likita ba tare da jinkiri ba in akwai jini cikin zawo, ko zafin jiki mai tsanani, ko sanƙarewar wuya, ko numfashi da sauri, ko yaro ya ƙi nono, ko miki na kumbura yana wari. A gaya wa ma'aikacin lafiya duk abin da aka riga aka sha, kada a ɓoye.

Mu kiyaye itatuwan

Magani ba ya samuwa in iccen ya mutu. Wanda ya sassaƙe icce ya kewaye gindinsa, ya yanke hanyar da abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa, iccen zai bushe. In dole ne a ɗebi sassaƙe, a ɗiba kaɗan daga gefe guda. Ga bagaruwa ma babu bukata, tun da ɗiyanta na zuba da kansu da rani. A tsince su, a shanya bisa tabarma, a adana inda damshi ba ya kai, domin wadda ta yi funfuna ba ta magani.

Ɗiyan bagaruwa abincin bisashe ne lokacin da ciyawa ta ƙare, amma a gauraya da wani abinci, domin yawan tanin na hana dabba cin moriyar abin da ta ci. Ƙwallon yana da tauri. Mai son shukawa ya jiƙa shi cikin ruwan zafi ya kwana, ko ya tsinci wanda ya fito cikin kashin awaki.

Manoman jihar Maraɗi sun nuna wa duniya abin da ake iya yi. Tun daga 1983 aka fara sassaben zamani: maimakon a share gona ƙal, sai a bar kututturen sabara da kalgo da gawo su toho, a rage rassan, a bar masu ƙarfi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo cikin gonaki da suka kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Duk sabarar da manomi ya bari, ta tare masa iska da rairayi, ta ba matarsa iccen girki, ta kuma bar wa masu bincike abin da za su gwada gobe.

Ran 31 ga watan Agusta na kowace shekara, ƙasashen Afirka na tunawa da maganin gargajiya. Mafi kyawun girmamawa da za mu yi masa shi ne mu san iyakarsa. Majemi ya san kwanakin da fata ke yi cikin rami, ya san aikin da bagaruwa ke yi da wanda ba ta yi. Mu ma mu riƙe ta haka a gidajenmu: mu bar ta a gona, mu yi amfani da ita inda ta dace, ranar da ciwo ya fi ƙarfinta kuma mu ɗaura amalanke tun da sauran rana.